Taimakon Gwamnati Ga Mai Dabbobi Bayan Asara: Jawabi Ga Manoma Da Makiyayan Anka, Gummi Da Bukkuyum

 

Maganarmu ta yau a kan tambayar nan ce da ake yawan yi wa malaman dabbobi a kasuwa da ƙofar hakimi. Mutum ya ce, ruwa ya ci mini awaki, ko ciwo ya kashe mini shanu, ko ɓarayi sun kore mini garke, shin Gwamnati za ta biya ni? In kuwa za ta biya, ina zan nufa, da wace takarda?

Gara a faɗa muku gaskiya tun da fari. Ba kowace dabba da ta mutu ko ta ɓata Gwamnati ke biya ba. Yawancinsu ma ba a biya. Abin da ke rikita mutane shi ne ana haɗa abubuwa daban-daban a kira su da suna ɗaya, watau taimako. Akwai diyya, akwai agaji, akwai kuma inshora, kowanne da ƙofarsa. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, sai ya yi ta sintiri a banza, ya ƙare kuɗin mota, ya dawo yana zagin ma'aikata.

DIYYA

Diyya ita ce kuɗin da ake ba mutum idan Hukuma da kanta ta ba da umurni a kashe dabbobinsa don kada ciwo ya bazu. Misalin da ya fi fitowa fili a ƙasar nan shi ne na murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullarta a wata babbar gonar kaji da ke Jaji, a Jihar Kaduna. Gwamnatin Tarayya ta sa a riƙa kashe kajin gonakin da ciwon ya shiga, ta yanka naira 250 a kan kowace kaza. To, ku lura da abu biyu. Na farko, kazar da ma'aikata suka ƙirga suka kashe ita ake biya. Wadda ta riga ta mutu kafin su iso ba ta cikin lissafi. Saboda haka mutumin da ya ɓoye ciwo kwana goma yana gwada jiƙe-jiƙe, sa'ad da ya kai rahoto babu sauran abin da za a ƙirga masa. Na biyu, kuɗin bai kai abin da kaza ke yi a kasuwa ba, shi ya sa waɗansu suka yi ta kwasar marasa lafiya suna kai wa 'yan kasuwa da dare, ciwon kuwa ya bi mota ya shiga jihohi da yawa. Daga baya sai da aka ƙara kuɗin.

Darasin nan bai tsaya ga kaji ba. Duk ranar da ka ga dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, to, a yi zaton ciwon saifa ne. Kada a feɗe ta, kada a ci, kada a sayar wa mahauci, ko fatar ma kada a cire, domin ciwon yana kama mutum. A aika wa malamin dabbobi nan take, a haƙa rami mai zurfin kamar mita 2 a binne ta. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da wannan ciwo a wata gona kusa da Suleja, a Jihar Neja, watau ba labarin da ba ne. Haka nan in shanu suka soma tari, suna tsayawa da ƙafafun gaba a buɗe, suna miƙe wuya suna nishi, wannan alamar ciwon huhu ce, a sanar da wuri.

Dattawanmu suna tune da bushiya ta 1983, wadda ta kashe shanu dubbai ɗaruruwa a Nijeriya. Abin da ya tsayar da ita allura ce. Aka yi ta bin garke-garke shekara da shekaru, har a 2011 aka ba da sanarwar an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. A ganina, cikin dukan taimakon da Gwamnati ke yi wa mai dabba babu wanda ya kai allurar rigakafi daraja, amma ita ce aka fi rainawa, don ba kuɗi ba ne a hannu. Ana yin yawancin magungunan allurar nan a Vom, kusa da Jos, inda aka kafa wurin binciken ciwon dabbobi tun 1924. Ta ciwon huhu ana maimaita ta kowace shekara. Ta ciwon nan na awaki da tumaki mai zawo da majina da gyambon baki kuwa, guda ɗaya takan kare dabba shekara uku. In kun ji an ce masu allura za su zo garinku, a fito da dabbobin duka, har da na cikin gida waɗanda mata ke kiwo.

AGAJI

Agaji shi ne abin da ake rabawa bayan masifa ta auka wa gari, kamar ambaliya ko gobara ko hari. A Tarayya aikin hukumar NEMA ne, wadda aka kafa a 1999. A jiha kuma akwai hukumar ba da agajin gaggawa ta Zamfara a Gusau. Yawanci hatsi ne da tabarma da gidan sauro da kwanon rufi, wani lokaci iri da taki, jefi-jefi kuma kuɗi ko 'yan awaki. Ba bashi ba ne da Gwamnati ta ci, ba a kuwa auna shi da girman asarar mutum. Ana duba abin da ke hannu ne a raba wa waɗanda sunansu ke cikin takarda.

Mutanen Gummi sun gani da idonsu. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a ƙasar Gummi, aka ƙirga gidaje fiye da 10,000 da abin ya shafa. Gwamna Dauda Lawal ya zo jaje, ya ba da sanarwar gudummawar naira miliyan 100 da kayan abinci. Kuɗi ne mai yawa a baki. Amma ɗauki alƙalami ka raba miliyan 100 gida 10,000, za ka ga naira 10,000 ce ta faɗo wa kowane gida. Ka je kasuwar Gummi da ita ka tambayi kuɗin tunkiya. Ba don a raina kyauta na kawo wannan lissafi ba. Na kawo shi ne don kada wani ya zauna ya naɗe hannu yana jiran a mayar masa da garkensa.

Duk da haka, da babu gara ba daɗi, kuma abin da yake rabonka bai kamata ya wuce ka saboda sakaci ba. A nan ne nake so mu daɗe.

Sunan mutum yana shiga takarda ne a kwanakin farko, lokacin da ma'aikata suka zo ƙirga ɓarna. Wanda ba ya nan ran nan, shigar da shi daga baya aiki ne ja. Saboda haka ranar da abin ya faru, ko kashegari, ka sanar da mai unguwa, shi ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa uban ƙasa. Makiyayi ya sanar da arɗonsa. Kada ka tsaya nan. Ka je da kanka, ko ka aiki ɗanka mai karatu, sashen gona na ƙaramar hukuma, a rubuta a gabanka: sunanka, garinku, irin dabba, nawa ne, wace rana, me ya kashe su. Ka nemi a ba ka kwafi, ko ka ɗauki hoton takardar da waya. In gawar dabba tana nan, a ɗauki hotonta kafin a binne, a sami mutum biyu masu mutunci su gani. In da hali malamin dabbobi ya duba ya rubuta shaidarsa, don takardarsa ta fi ta kowa nauyi a ofis.

Sa'an nan a faɗi gaskiyar lissafi. Muna da ciwo biyu a nan. Akwai mai awaki huɗu da zai ce ashirin ruwa ya ci. In ma'aikata suka tambayi maƙwabta suka gane ƙarya, ba shi kaɗai za a soke ba, duk takardar unguwar sai a daina yarda da ita. Akwai kuma makiyayin da ya gaji tsoron jangali, in an tambaye shi yawan shanunsa sai ya ce 'yan ƙalilan ne, na mutane ne ma. To, ran da aka kore saniya hamsin, da wane baki zai ce hamsin ne, alhali bara ya ce bakwai gare shi? Mun san al'ada ba ta son ƙirga dukiya a bainar jama'a. Ba a ce ka yi shela a kasuwa ba. Ka sami ɗan littafi ka ajiye a gida, da boko ko da ajami, kowace dabba da launinta da kamannin ƙahonta da tsagar kunnenta. Katin allura ma shaida ne, kada a bar yara su yi wasa da shi.

Littafin nan yana da wani amfani babba a wannan zamani. Satar shanu ta fi ruwa da ciwo cin dukiyar mutanen yammacin Zamfara a shekarun nan, kowa ya sani, ba sai an tona miki ba. Wani lokaci jami'an tsaro sukan ƙwato dabbobi a tara su, a ce masu su su zo su nuna shaida. Mutum biyar sai su tsaya kan saniya ɗaya, kowa na rantsuwa. Wanda ya zo da hoto da bayanin alama rubutacce tun kafin a sace, shi ke tafiya da ita. In za a yi lalas don alama, a yi a ƙasan cinya ko a wuya. Kada a yi a haƙarƙari ko gadon baya, domin nan ne tsakiyar ƙirgi, lalas kuwa yana karya masa daraja wurin masu sayen fata.

Akwai waɗanda takarda kan tsallake kullum, ina roƙon masu unguwa da hakimai su sa ido a kansu. Na farko mata. A yawancin gidajenmu awaki da tumaki da kaji na mata ne, da su ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da su ake kai yaro asibiti. Amma in masu ƙirga sun zo, maigida ake tambaya a zaure, a rubuta sunansa, abin da aka samu kuma ya shige aljihunsa. A rubuta sunan mai dabba, ko da tana cikin kulle. Gwauruwa da marayu su ma haka. Sai makiyayan da ke ruga nesa da gari, waɗanda sau da yawa ba su ma jin an zo. Sai kuma waɗanda tashin hankali ya raba da ƙauyukansu, suna zaune a garin Anka ko Bukkuyum ko Gummi. Irin waɗannan su nemi a rubuta su da sunan ƙauyensu na asali da kuma inda suke zaune yanzu, kada su faɗa tsakani, can a ce sun tashi, nan a ce baƙi ne.

Yanzu in kuɗi ne, galibi ta banki ake turawa, ana neman lambar ɗan ƙasa, watau NIN, da lambar BVN. A tabbata sunan da ke jikin katin shi ne aka rubuta a takardar agaji, harafi da harafi. Mutum yana Muhammadu a wuri ɗaya, yana Mamman a wani, sai kuɗi su maƙale. Wanda ba shi da asusu ya buɗe tun ana zaman lafiya. Kuma ku ji da kyau: ba a sayen fom na agaji. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya sa sunanka, ko ya bugo waya ya ce daga Abuja yake, ka faɗa masa lambar sirrin katinka, ɓarawo ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

INSHORA

Wannan ba za mu daɗe a kanta ba, don kaɗan ne cikinku ta shafa. Tun 1987 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin inshorar noma, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa, aka tsara Gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin da manomi zai biya. Sharaɗinta shi ne a shiga tun dabba tana lafiya, a duba ta, a sa mata lamba. Masu kiwon turke da suka ci bashin banki su suka fi cin karo da ita. In za ka shiga, sa a karanta maka takardar duka, ka tambaya ƙarara: in an sace, ana biya? In ruwa ya ci fa? Cikin kwana nawa zan kawo rahoto? Abin da ba a rubuta ba, ba a biya.

IN TAIMAKO YA ZO HANNU

To, a ce Allah ya sa an samu. Me za a yi da shi?

In akwai sauran dabbobi a raye, su ne farko. Ciyar da saniyar da ke hannu ya fi sayen wata araha nesa ba kusa ba. Saniya matsakaiciya, mai nauyin kilo 250, tana bukatar busasshen abinci wajen kilo 6 kowace rana. Daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, kara da ciyawar daji sun bushe sun zama kamar itace, suna cika ciki amma ba su riƙe jiki. Kilo ɗaya na ƙuli-ƙulin gurya a rana, watau buhu biyu masu kilo 50 cikin kwana 100, tare da harawa da ɗan gishiri ko kanwa, yakan fitar da saniya rani a tsaye. A fara da masu shayarwa da masu ciki da shanun huɗa. Bijimin da ya shiga damina a rame ba ya jan garma, ka ga asarar ta tashi daga turke ta koma gona. Abincin kuwa a saye shi da kaka, lokacin da dusa da kowa da harawa ke araha.

In garken ya fi ƙarfin abincin da ke rumbu, a rage tun suna da nama. A sayar da tsofaffi da maza marasa aiki, a bar mata matasa. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ga haka a farin 2010. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka riƙa sayar da abincin dabbobi a farashi mai rahusa, suna kuma sayen dabbobin da suka rame a yanka a raba naman. Wanda ya jira har saniya ta kasa tashi, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Mu ma nan mun ga yadda kasuwa ke iya rufewa ba shiri. A watan Satumba na 2021 Gwamnatin Jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi saboda tsaro, mai son sayarwa ya rasa mai saye.

In kuwa an share ka ƙaf, shawarata ka fara da awaki. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, in tana ƙoshi takan haihu sau uku cikin shekara biyu, sau da yawa tagwaye. Karsana kuwa sai ta kai wajen shekara huɗu kafin haihuwar fari. Jar akuyar nan tamu ta saba da ƙasar, ba ta da tsirfa wajen abinci, fatarta kuma tana da suna har ƙasashen waje. Ana iya ɗaure ta a cikin gida, abin da ba ƙaramin amfani ba ne a inda fita daji ya zama haɗari. Duba baki kafin ka biya: mai manyan haƙora biyu ko huɗu a gaba ita ce matashiya, wadda haƙoranta suka cinye ko suka zube ta gama aiki. Duba hantsa, duba ido da hanci, ɗaga wutsiya ka ga ko akwai alamar zawo.

Dabbar da aka raba ta agaji ma a yi mata wannan dubawa. Irinsu akan tattaro su ne daga kasuwanni daban-daban, a cusa su mota ɗaya, su kwana a hanya ba ci ba sha. Ko da sun fito lafiya, a nan suke ɗaukar ciwo. Kada a haɗa sabuwar dabba da na gida sai ta yi mako uku a ware, da mazubin ruwanta daban. A ba ta maganin tsutsar ciki, a cire kaska, a tambaya ko an yi mata allura. An sha ganin akuyar kyauta guda ɗaya ta kashe goma na gida. Kuma kada a kai ta kasuwa kashegari. 'Yan kasuwa sun san ranar rabo, ran nan suke karya farashi.

Mutanen fadama, wajen Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, ku tuna bayan ruwa ya janye ne ciwon hanta ke kama dabbobi, don ƙwayarsa tana rayuwa cikin ƙananan katantanwa na wuri mai laima. A ba da maganinsa a ƙarshen damina, a sake da rani. Abincin da ruwa ya jiƙa ya yi fumfuna, a zubar.

Mutanen wajen Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma kuwa, ba ku bukatar a tuna muku gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. Tun kafin a gane abin da ke kashe yara, agwagi sun riga sun ƙare a waɗansu garuruwan. Dabba takan riga mutum nunawa. Kada a shayar da bisashe a kududdufin da ake wanke ƙasar zinariya, kada a ɗaure su kusa da injin niƙan dutse. In kaji ko agwagi ko awaki suka soma mutuwa ba dalili a irin waɗannan wurare, a sanar da malamin dabbobi da malamin asibiti gaba ɗaya, a kai yara a duba su.

Akwai kuma taimakon da ba ya jiran Gusau ko Abuja. Fulani suna da al'adar habbanaye, a ba wanda ya rasa aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu, ya ɗauki 'ya'yan ya mayar da uwar. Mu ma muna da ba da kiwo a raba riba. Ƙungiyar gari tana iya yin haka da awaki: mace ta karɓi biyu, in sun haihu ta miƙa wa ta gaba. Ƙungiya mai rajista tana da wani amfani kuma. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkar kiwo, kuma shirye-shiryen Gwamnati sun fi son mu'amala da ƙungiya mai suna da littafi da asusu bisa ga mutum ɗai-ɗai. Mutum ashirin ko talatin sun isa. A zaɓi ma'aji wanda aka yarda da amanarsa, a sa mata a ciki, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa.

Mai neman ƙarin bayani kan rajistar ƙungiya, ko ranar allura, ko yadda ake cika takardar rahoton asara, sai ya tuntuɓi malamin dabbobi ko malamin gona a sashen gona na ƙaramar hukumarsa, a Anka ko Gummi ko Bukkuyum. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba, a kai ta ruga kuma.